Sansui ɗin da na baro a Ringim

Ruwa ya ɗauke da hantsi, na ɗaure lasifikar Baba ɗaya a bayan babur na kama hanyar Ringim, wajen Injiniya mai gyaran kayan sauti, don in nemo musu amfilifaya, injin da ke ba lasifika ƙarfin sauti. Ɗayar na bar ta a ɗakin Baba, lulluɓe da zanen da Inna ta rufa musu tun bayan rasuwarsa.

Injiniya na gani na ya tashi ya karɓe ta da hannu biyu. Ya juya bayanta ya karanta: ohm 8, wat 60. Amfilifaya biyu ya ajiye min a kan benci. Ɗaya sabuwa fil, an rubuta wat 2000 a kwalinta, amma da yatsa biyu na ɗaga ta. Ɗayar kuwa baƙar Sansui AU-707 ce ta wajen 1977, sai da na sa ƙarfi kafin ta motsa.

Na ce, "Injiniya, wannan wat 85 take bayarwa kowane ɓangare, tawa kuma 60 ce. Ba za ta ƙone min su ba?"

Ya ce, "Malam, ba babba ke kashe lasifika ba, ƙarama ce da aka matsa wa. In ka ƙure ƙarar amfilifayar da ba ta da ƙarfi, sautin ya fara kakkaryewa, ƙaramar lasifikar nan ta sama mai siririyar murya ita ke fara tafiya. Wannan kuwa ko rabi ba za ka kai ba ɗakin ya cika." Abin da ya ce in kiyaye shi ne ohm, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. In na haɗa lasifika biyu masu 8 a baki ɗaya sun koma 4, injin ya yi ta zafi. Ya kuma nuna min rubutun bayanta: volt 100, ta kasuwar Japan ce. Wutarmu ta haura 220, don haka sai da taransfoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi zan gani tun ranar farko. Kafasitocinta ma, ƙananan kayan cikinta masu riƙe wuta, sun haura shekara arba'in, ya ce wasu sai an canza.

Har nan raina fes. Ya jona, ya sa kaset ɗin kalangun da na zo da shi, na ji fatar gangar kamar a gabana ake kaɗa ta. Masu faci na maƙwabta har leƙowa suka yi.

Sai ya cire ragar gaban, ya shafa gefen babbar lasifikar, ya ce, "Wane ne ya liƙe nan da gam ɗin takalmi? Ya ɓata aiki."

Baba ne. Ina tsaye a kansa ranar, ina riƙe masa fitila, yana shafawa da tsinken ashana yana cewa kar in yi motsi. Ban faɗa wa Injiniya ba. Ya ce zai kankare ya sa sabon zobe, sautin zai fi haka. Na san gaskiya ya faɗa, ni ma ina jin 'yar karkarwar nan in ganga ta sauka ƙasa. Amma da wannan karkarwar na tashi ina jin labaran safe a gidanmu, kuma ban san ko ina so ta tafi ba.

Na ce masa zan yi shawara. Ya ce zai riƙe min Sansui ɗin zuwa Juma'a.

A hanya taya ta yi faci. Geron Kawu ya fara fitar da kai, masha Allah.

Da na shigo Inna ta dubi bayan babur ta ce, "Ka dawo da ita yadda take?" Na ce e, Inna. Ta ɗauko zanen da kanta ta sake rufe su biyun.

Har yanzu ban ci tuwon dare ba.