Yadda Na Daina Faɗa da Ɗana a Kan Kwanon Tuwo

Ɗan farina, wanda kunya ba za ta bar ni in rubuta sunansa ba, yana da shekara 3 lokacin da abincinsa ya tsaya a kan abu huɗu: farar shinkafa ba miya, masa, ƙanzon tukunya, da furar da aka tace ba gudaji. A gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato, yara kwano ɗaya suke ci, kuma da zarar an sauke tuwo da miyar kuka, sai ya ja da baya yana toshe hanci tun kafin a buɗe murfi. Idan yauƙin kuɓewa ya taɓa masa yatsa, zai yi ta goge hannu a riga yana kakarin amai.

Surukata ta yanke hukunci da wuri. Ta ce, "Ɗiyata, sangarta ta. Ƙyale shi, in yunwa ta ci shi, shi ma ya ci." Na bi maganar Inna, domin ta raini 'ya'ya bakwai. Yaron ya wuni tun safe har bayan la'asar bai sa komai a baki ba sai ruwa, a cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, tuwo kuma yana gabansa. Daga nan na koma ga abin da har yau nake nadamarsa, wato ɗura. Na matse shi tsakanin ƙafafuna, na tara kunu a tafin hannu na danna masa a baki, ya ƙware har idanunsa suka yi ja. Bayan wannan, ko kofin kunu ya gani a hannuna sai ya ɓuya a bayan ƙofa.

Likitar yara da muka gani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta auna nauyinsa da tsayinsa, ta ɗaura masa tef a dantse, ta nuna mini cewa ya wuce santimita 12.5, wanda ƙasa da shi alamar tamowa ce ga yaron da bai kai shekara 5 ba. Ta hana ni ɗura kwata-kwata, saboda kunu yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Ta kuma bayyana mini cewa ƙin sabon abinci ya zama ruwan dare tsakanin shekara 2 zuwa 6, amma akwai yaran da harshensu da hancinsu da fatarsu suke jin abu fiye da yadda muke ji, don haka warin daddawa da ni nake jinsa ƙanshi, shi yana iya tayar masa da zuciya da gaske. An fi ganin haka ga masu larurar galahanga, wato autism, ko da yake ba su kaɗai ba. Idan abin ya kai ga rama ko ƙarancin sinadaran jiki, likitoci suna kiransa ARFID, sunan da ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Nawa bai kai can ba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne sakin ragama. Ƙa'idar da wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta shimfiɗa ita ce uwa ta zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma ya zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci. Na raba masa faranti, abin da ya jawo mini magana a gida, domin a wurinmu ware wa yaro kwano kamar koya masa rowa ne. Amma ina zaunar da shi a tabarma ɗaya da sauran, a gefen da iska ba ta kaɗo masa tururin miya, da shinkafarsa a gabansa, da miya cokali ɗaya a wani ɗan murfi can gefe, ba ta taɓa komai. Ba na cewa ya ci, ba na yi masa alkawarin alawa, bayan kamar minti 20 kuma in kwashe. Na kuma daina ba shi fura duk lokacin da ya nema, domin ita ce take toshe masa ciki kafin abinci ya sauka.

Na lura cewa yawancin abin da yake so busasshe ne ko mai ƙaras-ƙaras, sai na bi ta wannan ƙofar maimakon ta miya. Daga ƙanzo muka je ga ƙuli-ƙuli, daga masa muka je ga ƙosai da aka soya har ya yi ƙarfi, ba albasa, ba attarugu, daga baya soyayyen dankali, sannan kilishi marar yaji da nake yayyagawa ƙanana. An ce sabon abinci yakan buƙaci a gabatar da shi sau 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓa. Ƙosai ya wuce haka a wurinmu, na daina ƙirge ma. Dafaffen ƙwai har yau bai shiga ba, soyayye kuwa sai gefensa ya ƙone.

Hannu ma sai da ya koyi nasa. Ina ba shi wake ya tsince, ya wanke mini karas, kuma kullum akwai tsumma mai ɗanshi kusa da farantinsa, domin sanin cewa zai iya goge yatsa nan take ya sa yake yarda ya taɓa abin da a da ko kallonsa ba ya yi.

Yanzu shekararsa 5. A makon jiya ya gutsuri gayan tuwon shinkafa, ya dangwala gefensa a miyar taushe, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ajiye. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, na dube ta na girgiza kai, sai ta mayar da hankali ga nata akushin. Miyar kuɓewa kuwa tana nan a ɗan murfinta, ranar Juma'a zan sake ajiye masa.