Hirar Kofin Afirka da Baba

Jiya bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida, Baba ya ɗauko zancen Kofin Afirka. Ya ce a rediyo ya saurari wasan ƙarshe na 1980, ranar da Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas. Yadda yake ba da labarin, sai ka rantse yana filin.

Shi ya tuna min cewa an fara gasar ne a Khartoum a 1957, da ƙasashe uku kacal: Masar, Sudan da Habasha. An cire Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata.

Amma wasan da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1994. Mun doke Zambiya 2 da 1 a Tunisiya, Amunike ya ci duka biyun. Na yi murna sosai a lokacin, ina yaro, ban san cewa a shekarar da ta gabata jirgi ya faɗi da 'yan wasansu a gaɓar tekun Gabon ba. Da Zambiya ta ɗaga kofin a 2012, a Libreville, babban birnin Gabon ɗin nan dai, wallahi sai da na share hawaye.

Baba ya yi shiru, ya ce, "Allah ya jiƙan Keshi, kyaftin ɗin tawagarmu ta 1994."