Kujerar bakin ƙofa

Kwana 47 yau rabona da giya.

Na makara zuwa taron AA (Alcoholics Anonymous), ƙungiyar mashaya masu taimakon juna wajen daina sha. Jadawalin da ke intanet har yanzu tsohon ɗaki yake nunawa, sai da na hau bene na ga ƙofa a kulle sannan na tuna an mayar da mu ƙasa. Ina shiga na tarar da mutum a kan kujerata.

Na sani, ba wanda ya mallaka mini ita. Kujerun roba ne iri ɗaya, mu ke jera su, mu ke kwashe su. Amma tun ranar farko a ta bakin ƙofa nake zama, kowa ya sani, ba mai taɓa ta. Sai ga wannan bawan Allah, ban taɓa ganinsa ba, ya rungume jaka a ƙirji kamar mai jiran mota. Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin rai irin na yara. Dole na kutsa cikin da'ira na zauna kusa da Dattijo, shi kuwa bai ce uffan ba, sai murmushin nan nasa mai ban haushi.

Aka miƙo mini takardar matakai 12 da AA ke bi wajen daina sha, wai in karanta. Duk zamana a bakin ƙofa ba a taɓa miƙo mini ita ba. Na karanta dai, muryata na rawa a matakin farko, inda muke amsa cewa giya ta fi ƙarfinmu.

Da aka tambaya ko akwai sabon zuwa, mutumin ya sunkuyar da kai. Aka ƙyale shi, ba a matsa wa kowa.

Bayan an tashi ne ya tare ni, don dama ni ma ƙofar na nufa.

"Yallabai, don Allah ina ake biya?"

Na ce ba a biya. Kwandon da ya ga ya zagaya, wanda ya ga dama ne ke saka abin da ya samu, da shi ake biyan kuɗin ɗaki.

"To ina zan rubuta suna?"

Na ce babu rajista. Sunanka na farko ya isa, shi ma in ka so. Sharaɗin AA ɗaya ne tak, kana son daina sha. Na gaya masa taron yau rufaffe ne, na masu matsalar kaɗai, amma akwai buɗaɗɗe da zai iya zuwa da wani nasa, iyali kuma suna da nasu, Al-Anon. Duk a tsaye na zayyano masa, da murya irin ta ma'aikacin da lokacin tashinsa ya yi.

Sai na ga kofin ruwan da ke hannunsa. Ruwan na fantsala a kan yatsunsa, ya sa hannu biyu ya riƙe, bai hana ba. Goshinsa duk gumi. Ya ce jiya da dare ya yi shan ƙarshe, shekaru yana sha kullum, yanzu ya rantse ya yanke lokaci guda.

Ban san Dattijo na bayana ba.

"Ɗana, daga nan asibiti za ka, ba gida ba."

Ya yi masa bayani a hankali. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya tsaya kwatsam, rawar hannu somin taɓi ce. Jijjiga na iya biyowa, a kwana na biyu ko na uku kuma wani ya ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu shi, har rai na iya salwanta. Ya ce mu nan ba likitoci ba ne, likita ke da maganin da zai saukar da jiki lafiya, taro kuma yana nan ba inda za shi. Ya yagi takarda ya rubuta masa lambar wayarsa. Sannan ya juyo ya dube ni.

Ni kuwa na duƙa ina tattara kujeru.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Sau nawa Dattijo ya ba mu labarin 1935 a Akron ta Amurka, yadda Bill Wilson ya ji sha na neman kayar da shi a otal, ya shiga neman wani mashayi ɗan'uwansa da zai yi wa magana, har aka haɗa shi da Dakta Bob, su biyun suka kafa AA. Na haddace labarin. A daren kwanana na uku, ƙarfe biyun dare, lambar da aka rubuta mini a irin wannan guntuwar takarda na kira. Yau an zo kaina, na kasa rubuta tawa. Ina ta gaya wa kaina ai kwana 47 bai isa in riƙe wani ba, ni ma lallaɓawa nake. Wataƙila haka ne. Amma ni na san haushin kujera na ciki.

Dattijo ya tafi da shi a motarsa.

Maman yara ta tambaya yaya taro, na ce lafiya lau. Yaya ya kira sau biyu, ban ɗauka ba, gobe na kira shi.

Na rubuta lambata a takarda, na sa a aljihun rigar da zan sa ranar Alhamis. Ko zai dawo ma, oho.