Ƙafafun hawun da gardamar ƙarƙashin rumfa

Laraba. Babu wuta har azahar, injin sassaƙa ƙarfe yana hutu, mu ma muna ƙarƙashin rumfa da jabana, gahawarmu ta nan. Aiki ɗaya ya fita daga warsha, wato shagon aikinmu, fil ɗin garmar tarakta, mai shi kuma ya ce sai an sayar da riɗi.

Abin da ya hana ni sakat gardamar ɗan Yaya ce. Ya miƙo waya da hoton hawun, ƙaramar igwar nan da ake zura wa harsashi ta baki, an kafa ta a wani fili. Ya ce, "Kawu, dubi siraran ƙafafun nan, harbi biyu za su lanƙwashe. Wanda ya ƙera wannan bai san ƙarfe ba." Alhaji ya leƙa, ya ce shi dai da uku aka yi mata da ta fi zama daram.

Ai uku gare ta, Alhaji. Ta ukun ita ce bututun da kansa. Gindinsa yana da dunƙulen ƙarfe mai siffar ƙwallo, wanda ke shiga wani gurbi a tsakiyar farantin da ke kwance a ƙasa. Duk ƙarfin harbi ta nan yake bi: daga bututu zuwa ƙwallo, daga ƙwallo zuwa faranti, ƙasa ta shanye. Ƙafa biyun nan ba su ɗaukar dukan. Aikinsu su riƙe bakin bututun a inda aka saita shi, shi ke nan. Da su ke karɓar dukan, da sai an yi su da kaurin da mutum ɗaya ba zai iya saɓawa ba, alhali dalilin ƙera abin tun farko shi ne a raba shi gida uku a ɗauka a kafaɗa. Haka Wilfred Stokes ya tsara shi a Ingila a 1915, Edgar Brandt na Faransa ya gyara a 1927 da 1931, mai faɗin baki milimita 81. Amurka ta kwaikwaya, Tarayyar Sobiyet ta yi nata mai milimita 82. Ko L16 ta Birtaniya da ta fito a shekarun 1960, bututu da ƙafafu da faranti kowanne bai yi nisa da kilo 12 ba.

Yaron bai yarda ba. Ya ce to idan bututun ya ja baya, ai yana ɗaure da ƙafafun, dole ya fizge su. Tambaya ce mai kyau, na yaba. A ɗaure yake, amma ba kai tsaye ba. Akwai wuyan ƙarfe mai maƙulli da ke rungume bututun, tsakanin wuyan da sauran ƙafafun kuma akwai shokazoba, galibi sifirin ne a cikin ɗan gwangwani, ɗaya ko biyu. Faranti na nutsewa, bututu ya bi shi, sifirin ya ba da hanya, sannan ya dawo da komai a hankali. Harbin farko-farko, kafin faranti ya zauna sosai, su ne suka fi wahalar da shi. A baƙar ƙasar nan tamu ta Gadarif, a gabashin Sudan, idan ta sha ruwa, farantin zai yi ta shigewa. Idan ta bushe ta tsattsage kuma tsalle zai yi. Ƙasan kowace ƙafa akwai tsini da ɗan faifai, tsinin ya kama ƙasa, faifan ya hana nutsewa. Sarƙar da ke tsakanin ƙafafun biyu ita ke hana su baje.

Daga nan muka koma kan abin ɗagawa da saukewa, wanda ni shi ya fi ba ni sha'awa. A tsarin Brandt, tsakanin ƙafafun akwai bututun ƙarfe a tsaye, a cikinsa dogon sukuru mai zare mai faɗi, zaune cikin noti. A juya hannu, sukurun ya fito ko ya koma, bakin igwar ya hau ko ya sauka. A wasu samfuran hannun yana gefe, sai haƙoran giya biyu masu karkata su juya motsin zuwa sama. Jak ɗin mota ne sak, irin mai sukuru: ka ɗaga, ka saki hannu, nauyi ba ya iya mayar da shi, saboda zaren a kwance yake sosai, gogayya ta fi ƙarfin zamewa. L16 ita kuma an sauya mata fasali, abin ɗagawar yana jikin ƙafa ɗaya, shi ya sa ƙafafunta suke kama da harafin K.

A saman wannan sukurun akwai na biyu a gicciye, mai kai bakin dama da hagu kaɗan. Sai na uku, wanda ba kowa ke lura da shi a hoto ba: a jikin ƙafa ɗaya akwai zobe mai zamewa da ɗan sanda da ya haɗa shi da bututun tsakiya. Shi ke daidaita karkata idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Madubin saiti yana da kwalaben ruwan awo biyu masu kumfa. Idan sandar gicciyen ba a miƙe take ba, kana ɗaga baki sama yana sulalewa gefe ba ka sani ba.

Alhaji ya ce to idan ana son nisa sai a ƙara ɗagawa. A'a, akasin haka ne. Hawun tana aiki ne tsakanin digiri 45 da wajen 85. A 45 take kai iyakar nisanta, duk abin da aka ƙara sama kusa yake jawo harsashin. Ya yi shiru, ya ce a zuba masa jabana.

Sai yaron ya ce, to me ke lalacewa, tunda ba karyewa suke ba? Lako-lako. Zaren sukuru da na noti suna cinye juna, har a kai ka juya hannu gaba, ka mayar baya, ya yi ɗan tafiya a banza kafin ƙarfe ya motsa. Babban mai jawo shi giris ne da ƙura. Duk wanda ya ga habub, guguwar ƙurar nan, ya san inda ƙurar ke shiga; ta haɗu da giris mai kauri ta zama abin goge ƙarfe, kowane juyi tana ci. Kowane sukuru a ƙasar nan, na injina ne ko na garma, magani ɗaya ne: a wanke da kananzir da burushi, a shanya, a shafa mai kaɗan. Bayan wannan akwai sukurun da ya lanƙwashe don an jefa ƙafafun a bayan mota yana a fice, sifirin da ya gaji ba ya dawowa, maƙullin wuya da ya saki har bututu na zamewa, da kwalbar awo da rana ta fasa.

A nan hirar ta daina yi min daɗi. Masu wannan aiki ba da digiri suke awo ba, da mil suke yi, ba mil na tafiya ba, na awon kusurwa, da'ira ɗaya kashi 6400 a tsarin NATO, 6000 a na Sobiyet. Mil ɗaya ya kauce gefe, wajen mita ɗaya ke nan a nisan kilomita ɗaya. Mil 10 a kilomita 3, mita 30. A unguwa, mita 30 gidanka ne da na maƙwabcinka da na bayansa. Kuma wannan lissafin igwa ce mai lafiya a hannun wanda aka horar, kafin a zo ga iska da tsohon harsashi. Tun 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, mutanen Khartoum da Omdurman suka san wannan lissafin ba tare da an koya musu ba. Alhaji yana da 'ya da jikoki da suka baro can da kayan jikinsu kawai. Ina cikin bayani na ga ya ajiye finjali, sai na yanke maganar.

Yaron ya so ya ci gaba, na ce ya je ya share injin, wuta ta dawo.

Magariba da hadari ta gabas, bai zubo ba. Inna ta aiko da kisra da miyar kuɓewa. Gobe da sassafe mai famfon ban ruwa zai kawo shaf ɗinsa, ya ce ya lanƙwashe. Ina zargin boris ne ya mutu, sai na kwance zan gani.