Kuɗin fito a tsibirin dainaso

Asabar, bayan isha'i.

Tun asuba ruwa yake zuba, wuta kuma tun daren jiya aka ɗauke ta, don haka yau babu wanda ya leƙa ko ƙofar gida. Da hantsi yara suka fara damun uwarsu, sai na tuna da littafin da na saya makon jiya wajen wani mai gwanjon littattafai a Sabon Gari. Bangonsa ya ɗan sha ruwa, amma hotunan ciki garau suke. Sunansa Dinotopia, wani Ba'amurke mai zane, James Gurney, ya fitar da shi a 1992. Na shimfiɗa tabarma kusa da taga inda haske yake shigowa, Auta ta haye cinyata, yayanta ya zauna gefe yana nuna shi ya girmi littafin hotuna. Kafin mu kai shafi na goma ya matso har kansa yana tare mini rubutu.

Ina karantawa ina mayar musu da Hausa. Labarin wani masani ne, Arthur Denison, da ɗansa Will, waɗanda jirginsu ya nutse a teku a 1862, dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin suka turo su gaɓar wani tsibiri da babu shi a taswira. A can dainaso, dabbobin nan na zamanin da da suka daɗe da ɓacewa a duniya, ba su ƙare ba. Suna nan da ransu, suna da harshe, suna da haruffan rubutu masu siffar sawun ƙafa, suna zaune gari ɗaya da mutane. Farkon haɗuwarsu ma da jifa aka yi ta: Arthur ya ga wata ƙaramar dainaso ta nufo su, ya ɗauki dutse ya ji mata ciwo a ƙafa, ashe tafinta ce mai suna Bix, wadda daga baya ta zama jagorarsu. Auta ta daɗe tana shafa hoton ƙafar da aka ɗaure da tsumma.

Gaskiya zanen ya kama ni. Akwai wani birni da aka gina a tsakiyar ruwa mai gangarowa daga duwatsu, hazo ya lulluɓe gadojinsa, sai ka ji kamar sanyin wurin yana taɓa maka fuska. Ba a kashe kuɗi a ƙasar, musaya ake yi. Mutane ba sa cin nama. Suna renon ƙwan dainaso, suna kwashe kashinsu a amalanke zuwa gona. Dokokinsu goma sha ɗaya ne, a sassaƙe a jikin dutse: ko kowa ya rayu ko kowa ya halaka, makami abokin gabar mai shi ne, ka ba da da yawa ka karɓi kaɗan, ka yi waƙa kullum. Ta ƙarshen ta gutsure, ba a iya karanta ta.

Muna cikin haka muka iso inda ya tsaya mini a rai har yanzu. A tsakiyar tsibirin akwai wani kwari mai duhun daji da yawan ruwan sama. Can masu cin nama suke, irin su tiranosoro mai haƙora kamar wuƙaƙe. Ba sa shiga gari, ba sa bin dokokin nan. Duk ayarin da zai ratsa dajin sai an sa wa manyan dainaso masu dogon wuya sulke mai ƙayoyi, an kuma ɗora musu kwandunan kifi. In mai haƙora ya tare hanya, a zube masa kifi, ayari ya wuce.

Uwargida tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ashe kunnenta na wurinmu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ai wannan kuɗin fito ne." Ta ce haka kakanta yake ba su labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, duk bakin kogi ko ƙasar wani sarki sai madugu ya sauka ya yi ciniki kafin a bar jakuna su wuce. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a hankali yadda yara ba za su kula ba, haka danginta na ƙauye suka haɗa kuɗi bara kafin a bar su su girbe geronsu. Ban ce komai ba. Na san bambancin: wancan dabba ce da aka halitta da cin nama, waɗannan kuwa mutane ne da suka zaɓi ɗaukar bindiga. Amma shi mai biya, zuciyarsa iri ɗaya take bugawa a bakin dajin.

Daga nan karatun ya sauya mini. Littafin yana son in yarda cewa zaman lafiyar ƙasar daga kyawun hali ya fito, daga waƙa da haƙuri da rashin kwaɗayi. Ni kuwa abin da na gani shi ne iyaka. An raba masu cin ganye da masu cin nama, an bar wa waɗannan daji, an sayi hanya da kifi. An hana makami, amma ga sulke. Ban ce laifi ba ne, wataƙila ma hikima ce, domin sulhun da ake biya ya fi yaƙin da ba ya ƙarewa. Sai dai sunansa siyasa, kuma wani ne ya zauna ya yanke ta. Wa ya yanke? Wa yake kama kifin, wa yake busar da shi, kwando nawa ke kan kowane gari? A duk abin da muka karanta yau ban ga kotu ba, ban ga kurkuku ba, ban ga inda aka taru aka yi gardama har wani ya tashi a fusace ba.

Yaron ne ya ƙara tsunduma ni. Ya ce, "Abba, sun ce kowa ya rayu. To kifin fa, ba ya cikin kowa?" Na ce masa tambayarsa ta fi ta ɗalibaina na aji shida. Dolfin ɗan ƙasa ne, yana ceton mutane, kifi kuwa kuɗin hanya ne. Duk ƙasar da ta ce "kowa", akwai inda ta ja layi, kuma wanda ke bayan layin ba a tambayarsa.

Mutum ɗaya ne a littafin yake ƙorafi, wani Lee Crabb. An zana shi da fuskar marar gaskiya, yadda yaro zai gane mugu tun kafin ya buɗe baki. Shi ne ya ce mutane bauta suke yi wa dabbobin nan, shi ne kuma ya ce a Girkanci sunan tsibirin yana nufin mummunan wuri. A nan bai yi ƙarya ba, domin kalmar dainaso kanta, wadda Richard Owen ya ƙirƙira a 1842, daga tushen nan ta fito, ƙadangare mai ban tsoro. Abin da Crabb yake so shi ne ya fita, tsibirin kuwa duwatsun ƙarƙashin teku da guguwa sun kewaye shi, wanda ya shigo ya shigo ke nan. Wannan ya dame ni ƙwarai. Ta yaya za a san mutane sun yarda da tsari in babu ƙofar fita? Kuma me ya sa mai neman ƙofar ne kaɗai aka ba mummunar fuska?

Ba Gurney ya fara ba. Utopia, ƙasar da marubucin Ingila Thomas More ya ƙaga a littafinsa na 1516, wadda duk irin waɗannan labarai suka gaji sunanta, ita ma tsibiri ce, kuma da gangan sarkinta na farko ya sa aka haƙa mashigin ruwa ya yanke ta daga sauran duniya. Babu mai mallakar dukiya shi kaɗai, amma akwai bayi da sarƙar zinariya a ƙafa, kuma ba ka zuwa wani gari sai da takardar izini. Shekara da shekaru ina ambaton wannan a aji, ban taɓa jin nauyinsa kamar yau ba, da 'yata a cinyata tana cewa ita can take son zuwa.

Ban ɓata mata ba. Ina son littafin, ina son yadda ya sa yarana suka ga babba mai ƙarfi yana sunkuyawa don ƙarami ya hau bayansa. Ƙasar da muke ciki tana bukatar yara masu irin wannan mafarki. Ina dai so in sun girma su riƙa leƙa cikin kwandon.

Da la'asar ruwa ya tsagaita, muka ci shinkafa da wake, yaron ya ɗauki littafin ya koma lungu yana kwafar haruffan sawun ƙafa a bayan littafin lissafinsa. Wuta ba ta dawo ba sai bayan magariba.

Ɗazu da na je rufa wa Auta zane, na ɗauka ta yi barci, sai ta buɗe ido ta ce, "Abba, in Sallah ta zo, Will ba zai je gida ba?" Na ce mata babu jirgin da ke fita daga can. Ta yi shiru tana kallon silin, sannan ta ce to ita in za ta je, sai da Umma da Yaya da ni, har da Hajiya ta ƙauye. Na ce to. Na sa tsinken tsintsiya a shafin da muka tsaya, gobe bayan sun dawo daga Islamiyya za mu ci gaba.