Godiya bayan fitowar sakamakon NECO na 'yan ajin ƙarshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, sakamako ya fito. Mun buga, mun manna a allon sanarwa na bakin ofis, kuma tun la'asar ɗin jiya waya ba ta huta ba. Wanda ya kira ba a ɗauka ba ya yi mana afuwa, akwai malaman da tun watan Yuni ba su yi barcin kirki ba sai daren jiya. Ba sai mun maimaita abin da ya wuce ba. Duk ɗan unguwar nan ya san yadda yaran nan suka sha kaye a jarrabawar kwalifayin bara, wato ta tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO, ya ji abin da aka riƙa faɗa a majalisu, ya kuma ga ajin da iska ta yaye wa rufi. Wannan saƙo daga kwamitin jarrabawa na makaranta yake. Godiya ce, da ɗan bayani ga iyayen 'yan SS2, tunda su ne a layi yanzu.

Bari mu fara da takardar kanta, don jiya mun ga uban da ke murna inda ya kamata ya zauna mu yi magana, mun ga kuma uwar da ke hawaye alhali 'yarta ta haye. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba ta buɗe ƙofar jami'a. F9 faɗuwa ce. Abin da ake nema kiredit biyar ne, kuma dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Yaro zai iya kwaso kiredit bakwai, in Turancinsa D7 ne to da saura. Waɗannan darussa biyu su ne suka kayar da mu a kwalifayin, kuma su ne bana mafi yawan yaranmu suka tsallake. Shi ya sa kuka ga malamin Lissafi ya zauna a dandamalin masallaci ya kasa magana.

Ga wanda ba ɗan Kano ba, kwalifayin jarrabawa ce ta jiha da 'yan SS2 na makarantun gwamnati ke yi. Wanda ya kai ma'aunin da aka sa, gwamnati ta biya masa kuɗin NECO. Wanda bai kai ba, nauyin ya koma gida. A nan godiyarmu ta farko take. An ce mu sakaya, mun ƙi, yabon gwani ya zama dole: Inna mai koko ta bakin ƙofa, wadda ta ɗauki kwasar adashinta ta biya wa yarinyar da ba ta haɗa komai da ita ba, sai don kullum tana ganinta da littafi a hannu tana jiran koko. Matan islamiyyar dare da suka yi karo-karo, wasu da ɗari biyu, wasu da ɗari biyar, aka kawo kuɗin a ƙulle a leda. Liman da ya yi sanarwa Juma'a biyu a jere. Allah ya saka muku da gidan Aljanna, ya sa 'ya'yanku su ji ƙanku.

Rajista ita ce wurin da yaro ke faɗuwa tun bai ɗauki biro ba, kuma iyaye ba su cika ganin haɗarinta ba. Lambar NIN guda 11 ce, kuma sunan da ke kanta da ranar haihuwa dole su yi daidai da abin da aka shigar a rajistar jarrabawa, harafi da harafi, domin da wannan lambar za a yi JAMB. Mun tarar da yaron da a takardar firamare Muhammadu ne, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a rajistar aji Muhd. Mun tarar da wadda sunan mahaifi ya riga nata a wuri ɗaya, ya biyo baya a wani. Akwai wanda aka rage wa shekara biyu a wurin yin katin, bisa shawarar wani kawu. Gyara irin wannan bayan sakamako ya fito wahala ce ta watanni. Malamin kwamfuta shi ya zauna ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowane yaro ya karanta nasa da bakinsa ya sa hannu kafin a tura. Shi ne kuma ya haɗa makin gwaje-gwajen aji tun daga SS1, wanda shi ma ana tura wa hukuma kuma yana shiga lissafi. Mai shagon intanet na bakin kasuwa ya tayar mana da janareta dare uku bai karɓi kuɗin mai ba. Malam, mun san ka ce kada a faɗa. Mun faɗa.

Sai batun lalle. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karanta yatsan da lalle ya rufe, musamman baƙi mai kauri. Uwayen da suka haƙura suka hana 'ya'yansu ƙunshi ana tsakiyar bukukuwa, mun san abin da kuka sha a wurin dangi. Mun gode.

Bayan kwalifayin malamai suka kwaso takardun gwajin da muka yi a gida suka bi su layi-layi, don a ga ainihin inda maki ke zubewa. Abin da aka gani ya ba mu mamaki, don yawancinsa ba rashin sani ba ne. A Lissafi yaro sai ya yi aikinsa a bayan takardar tambaya ya kawo amsa tsirara. Mai duba takarda yana ba da maki ne a kan hanya, mataki-mataki, amsar ƙarshe nata kaɗan ne. Wanda ya nuna hanya ya kuskure a ƙarshe ya fi wanda ya rubuta amsa daidai ba hanya. A tambayar zane da kamfas kuma yara suna goge layukan da suka bi, wai don aikin ya yi tsabta, alhali waɗannan layukan su ake nema.

A Turanci, ɓangaren taƙaitawa ne maƙabarta. An ce ka kawo jimla da kalmominka, yaro sai ya kwafo sakin layi sukutum, ko ya rubuta guntun magana da ba ta cika jimla ba. Insha'i ana son kalma wajen 450, namu suna tsayawa a rabin shafi. Wasiƙar hukuma tana da adireshi biyu da kwanan wata da kanun magana, da yawa suna rubuta ta kamar wadda za a aika wa yaya a Kaduna. Tsohon malamin Turancin da ya yi ritaya shekaru da dama, shi ya dawo duk Asabar da Lahadi da kekensa, ya sa kowane yaro insha'i ɗaya a mako, ya tafi da su gida ya duba da jan biro. Da muka kawo maganar kuɗin mota sai ya ce keke ba ya shan mai. Da tsohuwar zuma ake magani. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Takardar cike gurbi ma tana da nata tarkon. Fensir HB ake so, a cike gurbin sosai, in an canza amsa a goge ta farko tas, domin na'ura ce ke dubawa, in ta ga gurbi biyu da duhu ta watsar da tambayar. NECO zaɓi biyar take bayarwa, A zuwa E, WAEC huɗu, don haka wanda ya saba da tsofaffin takardun ɗaya kaɗai sai idonsa ya ruɗe. Mafi muni shi ne yaro ya tsallake tambaya ɗaya bai tsallake layinta ba, duk amsoshin da suka biyo baya su gangara gidan da ba nasu ba. Aka sa musu doka: duk tambaya goma a tsaya, a haɗa lambar tambaya da lambar layi.

Ɗakin gwajin kimiyyarmu kowa ya san halin da yake ciki. Shugabar makarantar maƙwabtanmu ta ba mu aron buret da fifet, kayan auna ruwan sinadari a gwajin Kemistiri, mai cajin batir ya kawo jarkar tataccen ruwa, malamar Kemistiri ta sa kowane ɗalibi ya riƙe buret da hannunsa aƙalla sau uku kafin ranar. Ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da bai taɓa ganin ruwan gwajin ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo a kan ɗigo ɗaya ba, ranar jarrabawa sai ya zarce ya yi ja. An koya musu karanta ma'auni ido daidai da saman ruwa, a rubuta da lamba biyu bayan ɗigo, a maimaita har sakamako biyu su zo kusa da juna, kada tazararsu ta wuce 0.20, a rubuta teburin da biro, a sa ma'aunin kowace lamba. A Bayoloji zane da fensir mai tsini, layin suna da rula kuma kada su gicciye juna, a rubuta girman zane a ƙasa. A Fiziks zanen giraf ya ci fiye da rabin takarda. Ƙananan abubuwa ne, amma da su C6 ke rabuwa da D7.

Ranar da ba za ta fita daga ranmu ba ita ce ranar Lissafi. Ruwa ya tsuge tun kafin asuba. Gari ya waye kwalbatin da ke tsakaninmu da unguwar ƙetare ya shafe, ruwa ja yana gudu da ledoji da rassan itace. Mai sa ido ya iso da jakar takardu a rufe, ana kiran lamba, kujerun 'yan matan ƙetare babu kowa. Jarrabawa ba ta jiran mutum, in lokacin da doka ta ba wanda ya makara ya wuce, shi ke nan sai wani zaman jarrabawa, kuma ba Lissafi ba jami'a. Daga ƙofar makaranta ana hango su tsaye a wancan gefen, hijabai sun jiƙe sun manne, kowacce ta ƙulle katin jarrabawarta da fensir a leda ta ɗaga sama. Baba Maigadi, mutumin da gwiwa ke hana shi tsayuwar sallah wani lokaci, shi ya naɗe wando ya fita titi ya tsaya a gaban wata tifa da ta sauke yashi. Ba mu san me ya faɗa wa direban ba. Sai gani muka yi motar ta juya, ta kutsa ruwan a hankali har ya kai rabin taya, yaron motar ya sauke tsani yana miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Suka shigo zaure ruwa na ɗiga daga gefen hijabi, yatsu na rawa. Matar gidan da ke kallon makaranta ta aiko da zannuwa busassu da kaskon garwashi aka ajiye a baranda. Ɗaya daga cikin yaran nan B3 ta samu a Lissafi.

Direban nan bai tsaya an gode masa ba, ko sunansa ba mu ji ba. Tifa ce shuɗiya mai rubutu a goshi. Duk wanda ya san shi ya isar masa: Allah ya tsare shi a kan hanya, ya raba shi da tsautsayi da asara, ya ba shi motar kansa, ya haskaka kabarin iyayensa in sun rigaye mu, in suna raye ya ba shi ikon yi musu hidima. Yadda ya tsallakar da 'ya'yan mutane, Allah ya tsallakar da shi siraɗi.

Muna kuma gode wa iyayen da aka zo wa da tayin a mayar da 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo, suka ƙi. Masu duba takardu ba yara ba ne. In aka ga ɗaki guda ya yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, ana riƙe sakamakon, wani lokaci a soke na darasin gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi su tafi tare. Namu ya fito babu wanda aka riƙe.

Akwai 'yan uwanmu na nesa, tsofaffin ɗalibai da kawunnan yara da ke Abuja da Legas, da suka yi alkawari a zauren WhatsApp ran da rufi ya yaye. Mun san hidima ta yi wa kowa yawa. Jiya mun ga su ne kan gaba wajen tura hoton sakamako, mun kuma ji daɗi. Rufin dai yana nan yadda iska ta bar shi, 'yan SS2 ne a ƙarƙashinsa. Haka iyaye maza da ba mu ga ƙeyarsu ba a taro uku, kullum sai dai uwa ta zo da goyo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya sa albarka a wannan sakamako, ya sa ilmin ya amfane su ya amfani al'umma. Allah ya jiƙan mahaifiyar ɗalibinmu da ta rasu ana tsakiyar jarrabawa, ya zo ya rubuta Tattalin Arziki washegarin sadakar uku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya biya malaman da suka yi aikin Asabar da Lahadi ba ko sisi, ya rufa wa kowa asiri duniya da lahira. Amin summa amin.

Waɗanda Turanci ko Lissafi ya riƙe, kada ku zauna a ɗaki. Ku zo ofis ranar Litinin da takardarku. Akwai jarrabawar NECO da ta WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, sai dai wasu kwasa-kwasan kamar likitanci a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, don haka a bincika kafin a biya kuɗi. Waɗanda suka yi JAMB da alamar suna jiran sakamako, ku je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗora muku shi yanzu, in ba a ɗora ba ba za a duba sunanku wajen ba da gurbi ba, ko da makinku ya yi kusa da 400. Lambar duba sakamako ta mutum ɗaya ce kuma shigarta ƙidayayye ne, kada a riƙa buɗewa don nuna wa maƙwabta, a buga kwafi biyu a ajiye.

Darasin Asabar na 'yan SS2 zai fara mako mai zuwa da ƙarfe takwas, kowa ya zo da fensir HB, magogi, rula da kamfas nasa. Sannan akwai baƙar lema mai karyayyen hannu da zane ɗaya mai ruwan goro da suke ofis tun ranar Lissafi, masu su su zo su karɓa a wurin Baba Maigadi.