Sana'ar Kayan Gwari a Legas da Shakkar da Ta Daɗe Tana Cina

Kamfanina ƙarami ne, aikinsa kai tumatir da attaruhu da albasa daga kasuwar Mile 12 zuwa otal-otal da gidajen abinci na Victoria Island da Lekki. Tun kafin asuba muke shiga kasuwa, lokacin da ake sauke kayan da suka taso daga Arewa, domin dole motarmu ta haye gadar Third Mainland kafin cunkoso ya kankama.

Wahalar jiki ba ta taɓa damuna kamar abin da ke cikin zuciya ba. Ko bayan na yi wa kamfanin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, duk sanda na zauna gaban jami'in sayayya na otal, yana zuba Turanci yana duba kwamfuta, sai in ji cewa sa'a ce kawai ta kawo ni, kuma wata rana za a gane ban cancanci kujerar ba. Wannan tunani yana cin kuɗi, domin shi ke sa mutum ya karya farashi tun ba a nemi ragi ba, ya kuma yi shiru idan an ja masa biya.

A shekarar 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai ga waɗanda nake jin nauyinsu suna kirana suna cewa, "Alhaji, yaya za mu yi?" A nan na fahimci cewa abin da na sani ba ya cikin kwamfutarsu. Na san tumatirin rani daga Kadawa da Kura yake zuwa, na damina kuwa sai an leƙa Jos. Na san saman kwando ado ne kawai. Gindinsa ake dubawa, idan ya jiƙe yana tsami, to na ƙasa ya riga ya mutse a hanya. Albasar Aliero ma, wuyanta nake matsawa, in ya bushe ya tsuke, za ta jure ajiya. Wannan ilimi ne, ko da ba a ba da takardar shaida a kansa.

Shakkar ba ta gushe gaba ɗaya ba, amma ta daina yanke mini farashi. Yanzu ina rubuta ranar biya a takardar yarjejeniya, kuma nakan tafi da yarana wurin ciniki, in bar su su faɗi kuɗin kaya da bakinsu.